Shari'ar Silifas a Barnawa

Ko tsufa na yi har na manta lambar wayata, ba zan manta wata ranar Asabar da na tsaya a ɗakin taro a Barnawa, Kaduna, ba, ina kallon wani dattijo yana jujjuya silifas ɗin yayana a hannu, mutum wajen arba'in sun yi tsit suna jiran hukunci. Kuma aurena ne ake shari'arsa a cikin silifas ɗin nan.

Bari in yi muku bayani, don ni ma da wani ne ya ba ni labarin da na ce ƙarya yake. Yayana da abokansa suna da wani wasa da suke yi a kan tebur duk Lahadi da yamma a falonmu a unguwar Television. Ba kati ba ne, ba kuma lido ba. Kowa yana da jarumin da ya ƙirƙira, an rubuta ƙarfinsa da kayansa a takarda. Yayana ne mai ba da labari. Shi zai ce ga ku a bakin kogo, ga dodo ya fito, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan ya jefa wani ɗan lido mai fuska ashirin. In lamba babba ta fito ka yi nasara, in ƙarama ce ka shiga uku. Ni aikina in kawo musu zoɓo in kuma roƙe su su rage ihu.

A wurin kai zoɓon nan na haɗu da saurayina. Mai aikin wayarin ɗin lantarki ne, mutum mai sanyin hali, kuma aminin yayana. Jaruminsa wani maƙeri ne mai ido ɗaya, shekara uku yana wasa da shi. To, wata Lahadi maƙerin nan ya zo tsallake wata gadar igiya. Saurayina ya jefa ɗan lido, abin ya gangaro daga tebur ya faɗa cikin silifas ɗin yayana da ya cire ya ajiye a gefe. Aka leƙa, lamba ɗaya. Dokarsu ita ce in ɗan lido ya taɓa ƙasa, a sake jefawa. Yayana ya ce ai bai taɓa ƙasa ba, cikin silifas ya faɗa. Maƙeri ya rikito cikin rami ya mutu. Saurayina ya ɗauki jakarsa ya fita.

Wata bakwai ba su yi wa juna magana ba. Ƙarti biyu masu gemu. Da abin a kansu ya tsaya, da ko kallo ba su ishe ni ba. Amma babanmu ya rasu, kuma kawunmu a ƙauye ya ce ba zai saurari maganar aure ba sai yayana ya kawo saurayin da ƙafarsa ya gabatar da shi. In na yi wa Yaya magana ya ce shi ba shi da matsala da kowa, wanda ya fita ya dawo. In na yi wa wancan magana ya ce wanda ya yi kisa shi zai fara kira. Ƙawayena biyu suka yi aure a cikin watannin nan, ni ina ta ɗinka anko.

Sai ga shi masu irin waɗannan wasanni a Kaduna sun shirya taro na yini guda. Ashe suna da yawa. Ban da masu wasan labari irin su Yaya, akwai masu wasan yaƙi, waɗanda ke jera ƙananan sojojin roba a kan tebur suna auna tafiyarsu da tef. Da safe aka yi lacca a kan yadda ake fentin sojojin da jan farce, aka yi wata a kan yadda ake haɗa duwatsu da kwalin ƙwai. Da rana kuma akwai zaman tattaunawa, suna neman wanda zai jagoranta. Na ce ni zan yi. Ni na zaɓi maudu'in: idan jarumi ya mutu, laifin wa? Na sa sunan Yaya, na sa na saurayina, ban gaya wa kowa ɗayan zai zo ba. Na ƙara da wani Malam tela daga Tudun Wada, shugaban masu wasan yaƙi, wanda yake falonmu ranar da abin ya faru. Lissafina mai sauƙi ne. Kowa minti biyar, a gaban jama'a kunya ta kama su, su gaisa, in tafi in zaɓi leshi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Baba. Kun san garin nan, ko taron suna na kyanwa ne sai an nemi shugaban taro an zaunar da shi a babban tebur. Wanda ya ara musu ɗakin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin magatakardan kotu, kowa Baba yake ce masa, shi aka ba kujerar. Ya zo da babbar riga da rubutaccen jawabi a kan matasa da shaye-shaye. Na ba shi minti uku. Ya gaida manyan baƙi, alhali babu ko ɗaya. Sau uku ina ɗaga masa takardar da na rubuta saura minti ɗaya, sau uku yana cewa na gode 'yata, yana ci gaba. Sai da ya cinye minti ashirin.

Da ƙyar na karɓe makirfo na miƙa wa saurayina. Tun da suka hau suka ga juna, shi da Yaya kowa ya juya kujerarsa gefe. Ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Jama'a, ni dai an kashe ni bisa zalunci."

Baba ya cire tabarau. Na yi sauri na matsa na raɗa masa cewa wasa ne, mutumin takarda ne ya mutu. Na ɗauka bai gane ba. Ya gane sarai. Ya tambaye ni tun yaushe rabon su biyun da magana, na ce wata bakwai.

"To 'yata, wanda ya mutu na takarda ne, amma gabar ai ta gaske ce. Ba za a yi gaba a ɗakina ina zaune ba. Kawo abin maganar."

Daga nan zaman ya fita daga hannuna. Ya sa aka raba kujeru, mai ƙara a dama, wanda ake ƙara a hagu. Ni da na zo jagoranci aka miƙo mini biro aka ce in rubuta bayanan shaidu. Masu sojojin roba suka bar yaƙinsu a tsakiya suka jawo kujeru. Har mai sayar da fanke a bakin ƙofa ta shigo da tirenta ta zauna.

Saurayina ya ba da nasa bayani, Yaya ya ba da nasa, kowa yana cewa wannan mutumin, ba mai kiran sunan wani. Baba ya tambaya ina silifas ɗin yake. Abin takaici, yana ƙafar Yaya. Shi ya sako ya zo taro. Aka sa ya cire na dama, aka ɗora a kan babban tebur kusa da robar ruwan Baba, ya koma ya zauna da ƙafa ɗaya a sama.

Aka kira Malam tela. Ya ce shi tsakani da Allah zai faɗa, ya ga ɗan lido ya faɗa ciki, bai ga ya taɓa siminti ba. Ya ciro tef daga wuyansa ya auna kaurin silifas ɗin, ya ce inci ɗaya ba kwata, amma ta dunduniya ya cinye, don haka a ranar ɗan lidon ya fi kusa da ƙasa fiye da yadda ake zato. Na rubuta. Wallahi na rubuta, da hannuna.

Sai ɗaki ya rabu biyu. Masu wasan yaƙi suka ce duk abin da ya bar tebur ya bar wasa. Masu wasan labari suka ce maganar mai ba da labari ita ce ta ƙarshe. Baba ya tambaya ko akwai ƙafa a cikin silifas ɗin a lokacin, aka ce babu. Wani ya ce to silifas marar ƙafa ai ƙasa ne. Malam tela ya ce in haka ne, duk takalman da ake barin su a ƙofar masallaci sun zama na mai fili ke nan. Aka yi ta tafi. Baba ya ce a gwada abin a gabansa. Aka ajiye silifas a ƙasa, saurayina ya yi ta gangaro da ɗan lido daga tebur, sau tara, ko sau ɗaya bai shiga ba. Na tara ya shige ƙarƙashin lasifika, mutum uku suka durƙusa nema.

Ina kallon mutumin da zan aura a durƙushe, yayana da ƙafa ɗaya a sama, agogo ya ci lokacin zaman gaba. Ban san lokacin da na fizgi makirfo daga gaban Baba ba.

"Don Allah ku saurara. Wannan maƙerin fa babu shi. Takarda ce. Ni na share ta daga ƙarƙashin kujera na kunna risho da ita. Wata bakwai kun tsayar mini da rayuwa a kan takarda, ba ku ji kunya ba?"

Na ɗauka za a tafa mini. Ba wanda ya motsa. Mai fanke ma kallona take kamar na zagi mahaifiyar wani. Saurayina ya taso daga ƙasa a hankali, gwiwar wandonsa duk ƙura. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya fi shiga jikina.

"Kin ƙona shi?"

Kafin in ba da amsa, Yaya ya miƙe da silifas ɗaya. Na ɗauka ni zai kare. Ina. Ya ce ke yarinyar nan ba ki da hankali, kin san wanda kika kunna risho da shi? Ya shiga lissafo ayyukan maƙerin. Yadda ya tsare ƙofar gari shi kaɗai da guduma. Yadda ya ɗauko abokin tafiyarsa a kafaɗa kwana biyu cikin daji. Sai ya faɗi abin da ko ni da muke gida ɗaya ban sani ba. Ashe ya cika littafin rubutu guda da labarin da ya tanadar wa maƙerin a hayin gadar, har inda zai gano wanda ya cire masa ido. Tun ranar bai iya buɗe littafin ba. Ya ce da ya ga lamba ɗaya shi ma bai so ba, amma in ya bari aka sake jefawa za a ce don amininsa ne.

Saurayina ya ce, "Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tsaya ne? Jaka ka ɗauka."

Wannan ce maganar farko da suka yi wa juna a wata bakwai, kuma sun yi ta ne suna tsaye kafaɗa da kafaɗa suna hararata.

Baba ya sa aka miƙo masa silifas ɗin, ya buga tebur da shi. Ya ce batun ko silifas ƙasa ne ko ba ƙasa ba, wannan ya fi ƙarfin kotunsa. Wanda ya mutu kuma ya mutu, ba a dawo da shi. Amma laifin da ya gani guda ɗaya ne: mutum ya yi rashin abokin shekara uku, ba wanda ya je masa gaisuwa. Ya tambaya mamacin Musulmi ne ko Kirista, don a san wanda zai yi addu'a. Aka ce a duniyar tasu babu ko ɗaya. Ya ce to a tashi a yi shiru na minti ɗaya, kuma ni mai agogo in duba. Sannan ya tambaya ko mamacin ya bar dukiya. Aka ce ya bar jaki a bakin gada, kuma jarumin Malam tela ne ke hawansa tun lokacin. Malam ya ce riƙo yake yi. Baba ya ce a mayar wa magada, saurayina ya ƙirƙiri ƙanen maƙerin ya zo ya karɓa.

Daga nan ya sa aka yi layin gaisuwa, ya ce ni ce ta farko. Na je gaban saurayina ina cika ina batsewa, niyyata in ce sannu in wuce. Da na ɗago na ga idonsa, sai kalmar ta yi mini nauyi. Na tuna shekarar da ya fara wasa da maƙerin nan ita ce shekarar da ya zauna babu aiki, Lahadi kaɗai nake jin dariyarsa. Na sani tun tuni, ban dai taɓa haɗa su ba. Na ce sannu, ka yi haƙuri, kuma na ƙona shi ban sani ba. Ya ce ya gode. Yaya na bayana a layi, da ya iso suka rungume juna, mai fanke tana share ido da gefen zani.

Bayan sati biyu Yaya ya kai shi wurin kawu. Ina tsakiyarsu a mota, tun daga Kaduna har ƙauye suna tsara ƙanen maƙeri ta saman kaina, ba wanda ya tambaye ni ko ina son ruwa.

Har yau ban iya wasan ba, kuma har yau ba ni da haƙuri. Amma na daina auna baƙin cikin mutum da girman abin da ya rasa a idona. Wata bakwai ina zagin su biyu a kan sun tsayar mini da aure, alhali abin da ake nema kalma ɗaya ce da ba wanda ya faɗa, har da ni da nake cewa ina son shi. Yanzu in na ga mutum ya damu a kan abin da nake ganin shirme ne, sannu nake fara cewa. In da surutu, ya biyo baya.