Akuyoyin Tsvetana sun yi fukafukai

Tsvetana Radeva ta ƙarar da ƙuruciyarta a wata masaƙa a Gabrovo, tana zana furannin da ake bugawa a jikin yadi. Matan garin sun sha zuwa coci da biki sanye da furanninta, amma ba wadda ta san hannun wa ya zana su. Da masaƙar ta rufe, ta dawo gida ta zauna, hannu yana mata ƙaiƙayi.

Ɗan ƙanwarta Radoslav ne ya jawo ta harkar wasan kwamfuta. Magidanci ne da har furfura ta fara masa sallama. Shi da abokansa na ƙasashe daban-daban suna gina wani wasan noma da kiwo, kyauta, wanda kowa ke da damar buɗe cikinsa ya gyara. Wata Lahadi ya kunna mata ta gani.

"Wannan kuma mece ce?"

"Akuya ce, Inna."

"Akuya? Ni na ɗauka tebur aka yi wa gemu. Ba ni abin zanen nan."

Kafin sanyi ya wuce ta zana musu akuyoyi da itatuwan lambu da gidaje masu rufin falalen dutse irin na ƙauyensu. Sai Radoslav ya zo da maganar lasisi, wato sharaɗin da za ta saki zanen a kansa. Ya ce tana iya sakinsa gaba ɗaya, ko sunanta ba sai an ambata ba. Tana iya cewa kowa ya ɗauka amma ya faɗi sunanta. Tana kuma iya ƙarawa da cewa duk wanda ya gyara, dole ya bar nasa gyaran a buɗe kamar yadda ya samu.

Mijinta Blagoy yana gefe yana cin banitsa, wainar cuku ta ƙasarsu, da kindirmo. Ya ajiye cokali.

"Ki hana sayarwa! Haka kawai wani ƙato ya kwashe akuyoyinki ya yi kasuwa da su?"

"Baba, in ta hana, rumbunan intanet da ke raba manhajar kyauta ba za su karɓi wasan ba," in ji Radoslav.

"To su bar shi mana!"

Tsvetana ta juya kofin gahawarta. Can ta ce, "Kai dai ci abincinka, tsoho. Wanda zai sayar ya sayar, ba ni da baƙin ciki. Amma sunana zai bi kowace akuya. Kuma wanda ya shigo ta ƙofar da na buɗe, kada ya rufe ta a bayansa. Rubuta haka, Radoslav."

Da bazara Radoslav ya dawo mata da labari. Wata malamar makaranta a Chile ta ɗauki akuyoyin ta sa a wasan koya wa yara ƙirga, ta yi musu fukafukai, ta rina su shuɗi. Tsvetana ta ƙura wa allon ido, ranta ya ɓaci.

"Ga shi nan, na faɗa miki," in ji Blagoy. "An mayar miki da su kaji."

"Ba fukafukan ne suka dame ni ba. Dubi inda ta dasa su! A wuya! Wace dabba ce za ta tashi a haka?"

Ranar ko girki ba ta yi ba. Ta sauko da fukafukan zuwa kafaɗa, ta yi musu gashi layi-layi, ta bar shuɗin yadda yake don na malamar ne. Ta sa Radoslav ya mayar wa malamar da su, da sunayensu su biyu a kai.

Malamar ta aiko da hoton ajinta ta wayar Radoslav, kowane yaro ya ɗaga akuyar da ya zana da hannunsa. Blagoy ya karɓi wayar ya sa hula, ya nufi shagon gahawa inda tsofaffin abokansa ke buga dara. Tun daga bakin ƙofa ake jin muryarsa yana cewa su matso su ga aikin matarsa.