Tabaran Baba ya tsaya a Birnin Kudu

Mahaifina ya yi rabin rayuwarsa yana raba wasiƙu a kan keke. Duk ranar kasuwa zai ɗauko jakar gidan waya daga Gwaram, ya bi ƙauyuka har Farin Dutse, ya dawo mana Dingaya ƙafa duk taɓo. A lokacin kan sarkin da ake liƙa wa wasiƙa kuɗinsa ɗaya ne, ko wasiƙar ta cikin gari ce ko ta rugar bayan rafi, kuma dole a kai ta. Adireshinmu kuwa ba layi ba lamba: "gidan da ke gindin tsamiya," ko "a ba surukin mai unguwa." In wanda aka aiko wa wasiƙar ya tafi kiwo, Baba zama yake ya sha fura har ya dawo.

Da tsufa ya zo, ya daina ganin baƙaƙen Alƙur'aninsa. Na kawo shi Kano, inda nake aiki, aka auna idon, aka ce tabarau sai bayan mako biyu. Ya ƙi jira.

"Ka aiko min ta gidan waya," in ji shi. "Ina so in yi saukar azumin bana da idona."

Na ce, "Baba, gidan wayarku fa an rufe. Yanzu kamfanonin 'yan kasuwa ke kai saƙo."

"To ai duk wanda ya karɓi saƙo ya ɗauki amana."

Da tabaran ya fito na kai wani kamfani, na rubuta adireshi irin namu: a ba Baba mai wasiƙa, Dingaya. Ma'aikaciyar ta nemi lambar gida, na yi mata dariya, na ce ko akuyar garin ta san shi. Sai ta karɓi lambar wayarsa, wayar da ba ta ganin caji sai ranar kasuwa.

Ashe motarsu a Birnin Kudu take tsayawa, gaba da nan ba riba. Su kira sau biyu, in waya a kashe take su ajiye kaya a kan kantar ofishinsu. Ban sani ba, ban kuma bincika ba, wannan shi ke cina har yau. Da aka daɗe saƙon bai isa ba, na yi wa Baba zancen zan je in yi musu tas, sai ya hana ni.

"Kada ka takura musu. Hanyar nan na san ta, yana tafe."

Ni kuma malalaci, na ji daɗin wannan amsa. Kullum da hantsi, in ji Inna, sai ya sa a fitar masa da tabarma ƙofar gida, kada ɗan saƙo ya zo ya yi ta sallama.

Ya rasu a goman ƙarshe na azumi, bai yi saukar ba. Bayan sadakar bakwai na koma Kano na tarar an dawo min da kwalin tabaran. A ƙarƙashin rubutuna an sa da jan biro: ba a san mai wannan adireshi ba.