Injin da Ya Kafe a Inci Ɗaya

Jama'a, ni kafinta ne, ban iya tsara labari ba, kuma wallahi abin nan a kaina ya faru, shekarun baya, lokacin shagona yana bayan kasuwar Dutsin-Ma.

Wani Alhaji mai gina gidajen hayar ɗalibai ya ba ni aikin ƙofofi, ya sauke mani katakonsa mai tsada, ya ce wata ɗaya, in na saɓa ya kwashe kayansa. Ni kuwa ba ni da injin goge katako, wanda ake tura katako ta baki ya fito ta baya sumul a kaurin da aka saita, kullum sai bin layi a shagon wasu. Sai aka ce akwai kwancensa a Tamawa ta Kurfi, da araha. Ni da gaggawar tsiya, ko na wane ne ban tambaya ba, na ɗaure guntun katako a bayan mashin, don mu ba ma sayen inji sai mun gwada da katakonmu.

Da hantsi na isa. Rumfar da injin yake a buɗe take, wani dattijo na zaune da fensir a kunne. Na yi sallama ya amsa, ya karɓi katakon, ya tada inji, ya tura, ya miƙo mani da ɗuminsa. Kai, kamar an shafa mai! Ya ce, "Lafiyarsa lau, Malam, amma akwai aiki a kansa." Na ce to Baba, na wuce neman mai saidawa.

Malam Iro sunansa, na same shi a ƙofar gida. Da na ce har na gwada, sai ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "Da wane bel?" Muka koma rumfar. Wallahi tallahi ba kowa, ba bel ɗin da ke juya injin, tankin janareto a bushe, yanar gizo a kan wuƙaƙen, katako kuwa ga shi a hannuna sumul. Ya ce injin na yayansa ne, wani dattijon kafinta, ya rasu da damina. Amma wa'adin Alhaji na cina, na biya, na loda shi a akori-kura.

A shago na saita inci ɗaya da kwata, katako ya fito inci ɗaya cif. Na murɗa, na auna da tef, na kira makaniki ya kwance ya ɗaura, duk a banza. Katakon Alhaji shida na lalata, abinci ya daina shiga, zama ya gagare ni, sai kai da kawowa nake a bakin shago kamar wanda matarsa ke naƙuda.

Na koma Tamawa na tsare Malam Iro. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce marigayi ya yi wa masallacinsu alkawarin makara, don tasu ta karye, aro suke yi a ƙauyen gaba, kuma ya bar wasiyya kada a saida injin sai an gama ta. Ya nuna mani katakon a jingine, biyu an riga an goge. Na auna. Inci ɗaya. Raina ya ɓaci, na ce haba Malam Iro, wasiyya fa! Ya ce, "Ni manomi ne, mi na sani? Kwashe ka haɗa masu."

Kwana biyu na haɗa ta. Ina buga ƙusar ƙarshe na gwada katakon Alhaji, ya fito yadda na saita, ko gardama babu.

Washegari na kai makarar. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidan Malam Iro. Liman ya taso da sauri ya ce, "Malam, wa ya aika maka? Yanzu muke shirin zuwa aro." Ashe da safen nan Malam Iro ya yanke jiki ya faɗi a gona. Shi aka fara ɗauka a kanta, kuma da kafaɗata a ciki.

Na gama ƙofofin Alhaji a kan lokaci. Amma har yau ban sani ba, makarar ce aka hanzarta saboda shi, ko shi ne aka jinkirta sai na gama. Don Allah, in za ku sayi kwancen kayan sana'a, ku tambayi na wane ne, kuma wane aiki ya bari bai ƙarasa ba.