Tawadar da ba ta sha ba ce

Bana shekara sittin da shida ke nan da rasuwar ƙanwata Indo, ana gab da tafiyar Nasara. Tun daga lokacin nake yi mata addu'a da zuciyar da ta sallama. Bana ce kaɗai sallamawar ta gagare ni.

Innarmu ƙosai take toyawa a Maraɗi. Da ganye take naɗewa, sai wani kukun kumandan, Baturen mulkin garin, ya fara kawo mata tsofaffin jaridun Faransa masu launi. Ta yi murna, ta ce sun fi ganye tsabta, kuma babu sunan Allah a jiki balle a wulaƙanta shi. Ƙosai na sauka da zafinsa, baƙaƙen su kwanta masa a jiki. Indo, mai shekara huɗu, ita ke lashe man takardar har harshenta ya yi baƙi. Wata maƙwabciya ta yi magana, Inna ta yi dariya: "Haba Yaya, mu da ke wanke allo mu sha? Yaushe tawada ta zama abin tsoro?"

Sai Indo ta fara ciwon ciki, sai rama, sai suma. A garin Tsibiri masu magani suka ce iska ce. Daga garin Jiratawa aka kawo saiwoyi. Muka binne ta da damina.

Kwanan baya jikata, mai karatun aikin likita, ta ƙwace tsiren da aka naɗo wa ƙanenta cikin takarda. Ta ce tawadar inji ba irin ta malam ba ce, ta gawayi da ƙaro. Ta da can har darma takan ƙunsa, mai da zafi su jawo ta cikin abinci, kuma yara ta fi kamawa. Ta jero alamomin. Na yi salati na zauna ƙasa, don ciwon Indo take zayyana mini.

Ko ita ce ajalinta? Allah ne masani. Amma rashin sani ya fi dare duhu. Da Indo za ta leƙo Sabon Gari yau, ta ga har yanzu da takarda mai rubutu ake naɗe wa yara ƙosai, me za mu ce mata?

Ban ga laifin Inna ba, gata ta nufa. Allah Ya jiƙan su duka. Abin da Indo ta bari a duniya ɗan kwanonta ne na sha. Na fiddo shi daga adaka na wanke. Da shi jikokina ke zuwa sayen ƙosai yanzu.