Na Hana Baffana Allura, Innata Ta Biya

A lokacin ni ɗan acaɓa ne a Kudan, matashi mai baƙin riƙo. Bayan rasuwar mahaifina, ƙaninsa, Baffa, ya riƙe gonar rakenmu ta fadama, wai sai na yi hankali. Duk sanda na ga amalanke ta fito da rake daga gonar nan sai in ji zuciyata na tafasa. Ina gaishe shi a durƙushe, amma Allah ya sani jiran ranar da zai faɗo hannuna nake yi.

Da aka zo da allurar ƙari ta korona, ni nake kai ma'aikatan lafiya Likoro da ƙauyukan kusa. A bakinsu na ji cewa duk wanda ya yi wata shida da karɓar ta biyu lokacinsa ya yi, kuma tsofaffi da masu ciwo a jiki su suka fi bukata. Baffa yana fama da asma. Ya kira ni zaure ya tambaye ni ko lokacinsa ya yi, tunda ni ke yawo da malaman asibiti. Na dube shi ido cikin ido na ce masa sai an shekara biyu, kuma tsoho irinsa in ya karɓa da wuri ba ya tashi. Na fito ina murmushi, ina cewa a raina tari ya rama mini.

Abin da na manta shi ne, a gidanmu maganar maigida ta kowa ce. Washegari Baffa ya ce babu wanda zai taka asibiti don allura daga gidan, alhali Inna, mahaifiyata, tana cikin gidan da ciwon suga. Na lallaɓa ɗakinta na ce ta hau babur in kai ta a ɓoye. Ta ce ita ba ta tsallake maganar ƙanin mijinta, kuma ai daga bakina aka ji. In ce ƙarya na yi, girman kai ya hana ni.

Bayan wasu watanni tari da zazzaɓi suka kama ta. A asibiti a Zariya aka ce korona ce. Likita ya tambaya ko ta karɓi ta uku, na sunkuyar da kai. A nan asibitin Allah ya yi mata rasuwa. Ban ce allurar za ta hana ajali ba, amma ni na tare mata hanya. Baffa ko atishawa bai yi ba. Shi ya yi mata salla, kuma a zaman makoki ya nuna ni ga jama'a ya ce wannan yaron ne ya tsare gidansa daga allura, Allah ya yi masa albarka. Mutane suka ce amin.

Har yau ban yafe masa gonar ba, kuma zan karɓe ta ta hannun alƙali ko da zan tsufa a kotu. Amma jama'a, lokacin allura a tambayi ma'aikacin lafiya, kar a tambayi ɗan acaɓa. Mai jin haushin wani kuma ya fara duba waye ke kwana a gidan da zai jefa wa ƙarya. Ni tawa uwar ce a ciki.