Mahaucin Agiye da littafina

Ina zaune a kasuwar Agiye, wani tsohon mahauci ya leƙo zanen cikin saniya a littafina. Shekarun samun 'yancin kai ne, na zo hutu daga jami'a, ina shirin jarrabawar shiga lakol, wato makarantar likitan dabbobi, karatu ya ƙi zama.

Ya ce, "Ɗana, mai zanen nan bai taɓa feɗe saniya ba. Jijiyar nan ta bayan hanta take bi."

Na ce, "Baba, likitoci suka rubuta shi fa."

Ya ja ni mahauta wurin wata saniya da aka feɗe, ya rufe ido, ya ɗora yatsana a kan jijiyar. Tana inda ya ce.

Sati uku ina binsa, kuma na ci jarrabawar.

Ku wa ya koya muku abin da littafi bai sani ba?