Asabar ta Ƙarshe a Ɗakin Baba Gyara

Kafin masinja ya gama share barandar ofishin ilimi, Baba Gyara ya riga ya buɗe ɗakinsa na can ƙurya, kusa da famfo. Zai jingine kekensa, ya kunna rediyo, ya jawo littafin da ake koya wa 'yan sakandare kwatanta tsarin mulkin ƙasashe da shi, ya kasa kunne. In aka ce wata ƙasa ta sauya tsarin mulki, ko ta rushe majalisa, sai ya rubuta a 'yar takarda, ya yanke da almakashi, ya manna a kan layin da ya zama ƙarya. Littafin ya girmi wasu malaman da ke koyar da shi. Na Baba ya kumbura har ba ya rufuwa sai an ɗaure da roba. Matarsa ta ce ta daina neman almakashinta a gida, ta san inda yake.

Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ofis ya ce ba za a turo wani ba. Ɗakin sito zai koma, sai fa in malami ɗaya ya yarda ya ɗora aikin a kan nasa.

Aikin shi ne shirya mana bita, mu malaman wannan darasi, ranar Asabar ta farkon kowane wata. Ni da kunyata na fara zuwa. Labarin ƙasa na karanta, aka wayi gari malamin siyasa ya bar makarantarmu, shugaban makaranta ya ce tunda na san taswira ai na san ƙasashe, in riƙe. Wallahi a lokacin ban san abin da ya raba shugaban ƙasa da firaminista ba. Na faɗa wa Baba a asirce, bai ko murmusa ba. Ya sa muka jera benci biyu suna fuskantar juna, ya ce mu ne majalisa. Ya ɗora wani ƙaton malami da muke kira Dogo a kujerarsa, ya ce ga firaminista. Aka yi muhawara, aka ɗaga hannu, Dogo ya sha kaye.

"Sauka, Dogo," in ji Baba. "Majalisa ta janye maka goyon baya."

"Haba Baba, ko zama ban gama yi ba! Ni fa babu inda za ni."

"Madalla. Kowa ya ɗauki biro, mun shiga darasin wata mai zuwa: shugaban da ya ƙi sauka daga mulki."

Muka yi dariya har da hawaye. Ranar Litinin na gwada a ajina, ɗaliban da suka saba barci a bayan aji suka yi ta gardama har aka kaɗa ƙararrawa ba su ji ba.

Baba, kai ne ka mayar da mu malamai bayan an jefa mu aji da alli kawai. Kai ne kake sallamarmu duk wata da takardar gyara, shafi ɗaya ko biyu, an jera abin da ya sauya a duniya da shafin littafin da ya shafa. Waɗanda ke nesa, kai kake kai tasu tasha da ƙafarka, ka roƙi direba ya miƙa. Ba wanda ya sa ka. Ba wanda ya taɓa tambayarka yaya ka yi.

Takardar nan ce kuma ta jawo maka. Shekara bakwai da suka wuce, a jarrabawar fita, aka tambayi yawan majalisun dokokin wata ƙasa. Littafi ya ce biyu. Ƙasar kuwa ta daɗe da rushe ɗaya. Akwai wata malama, ƙaramarmu, muna ce mata 'Yar Auta, wadda ba ta wasa da takardar gyara. Ɗalibanta arba'in da ɗaya duk suka rubuta ɗaya. Masu maki suka duba littafi, suka soke su kaf, kuma akwai waɗanda makin nan ne ya hana su tsallakewa. Iyaye suka cika makaranta. Baba bai jira a kira shi ba, ya hau keke ya tafi wajen shugaban makarantar. Akawun makarantar ne ya ba mu labari, don a gabansa aka yi.

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan ba ta da laifi. Ni na rubuta, ni na ba ta. In akwai hukunci, ga ni."

Aka kuwa ba shi takardar tuhuma. Ya amsa, sannan ya shiga rubuta wa hukumar jarrabawa wasiƙu a sabunta littafin. Sau ɗaya suka ba shi amsa, layi biyu, suna gode masa da nuna sha'awa. 'Yar Auta ta bar koyarwa kafin shekara ta zagayo. Shugabannin makarantu suka hana shiga aji da takardar. Daga mu talatin da wani abu muka koma tara, daga tara muka koma biyar. Wata Asabar ya tsaya yana kallon taga, ya ce:

"Daga yau ku koya musu amsa biyu. Ta littafi don jarrabawa, ta gaskiya don kansu."

Ban taɓa ganin maganar mutum ta karya shi kamar ranar ba. Raina ya ɓaci, har yau bai gyaru ba.

Asabar da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Ya yi darasinsa cikakke kamar ɗakin cike yake. Da ya gama ya ajiye mabuɗi a kan tebur.

"'Ya'yana, ofis na son suna ɗaya kafin Alhamis. Ba zan ce muku da daɗi ba. Wa zai karɓa?"

Dogo ya dubi wayarsa. Wata ta ce maigidanta na jiran canjin wurin aiki. Ni kuwa na tuna azuzuwana shida, na tuna fuskar shugaban makarantarmu, na tuna 'Yar Auta, na zuba wa takalmina ido. Ya jira mu irin jiran da yake cewa a yi wa ɗalibi mai jin kunya. Daga ƙarshe ya ce, "Ba komai. Allah ya yi muku albarka." Ya ɗauki tsumma ya goge allo da kansa, cikinmu ba wanda ya iya tashi ya karɓa.

Mun gode, Baba Gyara, mai gaskiya ko da ita za ta ci shi. Ka yi naka har ka ɗora. Ba ni da bakin ce wa kowa ya yi koyi da kai, ni da na sunkuyar da kai, amma dole in faɗa: in akwai malamin da ya fi ni zuciya, ya je ofis ya ba da sunansa, yau Talata. In ba a samu ba, yara za su ci gaba da rubuta cewa majalisar da aka rushe tun kafin a haife su tana nan tana zama, a ba su cikakken maki, su fito suna murna, kuma babu sauran mai ce musu ba haka ba ne.

Ka yafe mana, Baba.